BABI NA HUƊU: MAKOMAR SANA'AR WALDA A ƘASAR HAUSA DA ƘALUBALEN DA KE GABANTA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan aikin walda da ire-iren abubuwan da masu wannan sana'a ke samarwa. A wannan babi kuwa za a dubi matsalolin da suka dabaibaye sana'ar da kuma inda ta dosa, tare da ɗaukar birnin Kano da kewayensa a matsayin misali. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, aikin walda ba zai ƙare ba muddin ana gini ana noma ana sufuri. Abin fargabar shi ne kada mai walda na ƙasar Hausa ya dawwama a kan ƙofa da taga, alhali manyan ayyukan ƙarfe masu tsoka suna ratsa ƙasarsa a hannun waɗansu.

4.1 Daga Maƙera Zuwa Shagon Walda

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarfe. Binciken masu haƙar tarihi ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a dutsen Dala, kuma har yau Abagayawa na birnin Kano suna danganta asalinsu da maƙeran farko da suka zauna a wurin. Maƙerin gargajiya ya san yadda ake haɗa ƙarfe biyu, wato ya zuga su cikin gawayi har su yi jawur su yi laushi, sannan ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta dukansu da masaɓa har su zama ɗaya. Sai dai wannan hanya ba ta wuce ƙananan abubuwa irin su fartanya da gatari da lauje ba.

Walda ta zamani a Turai ta samo asali. A shekarun 1880 waɗansu masana biyu na ƙasar Rasha, Benardos da Slavyanov, suka gano yadda za a narka ƙarfe da tartsatsin wutar lantarki. A farkon ƙarni na 20 aka ƙirƙiro waldar iskar gas a Faransa, sannan wani mutumin Suwidin mai suna Oscar Kjellberg ya fito da sandar walda mai rufi, wadda ita ce ake amfani da irinta har yanzu. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara ɗaukaka sana'ar, domin tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya fiye da 2,700 ta hanyar walda maimakon ƙusoshi.

A ƙasar Hausa kuwa, sana'ar ta biyo sawun jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta iso Kano a 1911, da ma'aikatun ayyuka na gwamnati da na En'e, sannan daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Waɗanda suka koya a irin waɗannan wurare su ne suka fito suka buɗe shaguna a bakin titi. Wani babban bambanci tsakaninta da ƙira shi ne, ƙira gado ce, tana da sarauta da kirari da asirai irin na wasa da wuta, amma walda ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan maƙeri duk suna iya haɗuwa a shago ɗaya a ƙarƙashin maigida ɗaya. Wannan ya sa ta yaɗu da sauri, ya kuma sa ba ta da wani tsayayyen ma'auni na tantance gwani irin wanda maƙera ke da shi a tsakaninsu.

4.2 Ƙalubalen da Sana'ar ke Fuskanta

4.2.1 Wutar Lantarki

Mai walda ba shi da gawayi ba shi da zuga-zugi, wutar lantarki ita ce murhunsa. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, tartsatsin walda kuwa ya haura digiri 3,000, saboda haka injin yana bukatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta rawa. Idan wuta ta yi rauni sai sandar ta riƙa mannewa a jikin ƙarfe, haɗin ya zauna a sama bai ratsa ciki ba. Irin wannan aiki yana iya yin kyau ga ido, amma da zarar an ɗora masa nauyi sai ya rabu.

Hukumar samar da wuta ta sha canza suna, daga NEPA da aka kafa a 1972 zuwa PHCN a 2005, har aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamban 2013, amma ƙarancin wutar bai gushe ba. Wannan ya tilasta wa masu walda dogaro da janareta. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na layukan da aka fi ba wuta zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Abin da wannan ya haifar shi ne, mai walda kan rasa tsayayyen farashi. Idan ya yi ciniki yana sa ran wutar gari, sai aka ɗauke ta, to ribar aikin a tankin janareta za ta ƙare. Waɗansu kan kwana a shago suna jiran a kawo wuta da tsakar dare, wanda hakan kan jawo saɓani da maƙwabta, musamman da yake tsofaffin injinan walda suna janye wutar unguwa.

4.2.2 Tsadar Ƙarfe da Kayan Aiki

Nijeriya ta yi yunƙurin dogaro da kanta a fannin ƙarfe. A 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta, a 1982 aka buɗe na Aladja a kudu, aka kuma kafa kamfanonin mulmula ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Fiye da shekara 40 bayan haka, babbar tukunyar narka tama ta Ajakuta ba ta fara aiki ba, sauran kamfanonin kuma an sayar da su ga 'yan kasuwa bayan sun durƙushe. Saboda haka yawancin rodin da ake yi a gida daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi, irin waɗanda 'yan gwangwan ke tarawa, faifan ƙarfe kuwa da injina da duwatsun yanka da na gogewa akasari daga waje ake shigo da su.

Duk kayan da ake shigowa da shi farashinsa yana bin Dala. Kafin shirin tsuke bakin aljihu na 1986, Naira ɗaya ba ta yi nisa da Dala ɗaya ba. A farkon 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Mai walda da ya karɓi kuɗin kafin alƙalami yau, ya je kasuwar Ƙofar Ruwa bayan mako guda, yana iya tarar da kuɗin ba za su sayi kayan ba. Daga nan sai ɗaya cikin biyu: ko ya koma wa mai aiki ya nemi ƙari, a ce ya cika son kuɗi, ko kuma ya sayi ƙarfe marar kauri ya rufe da fenti. Hanya ta biyu ita ce ta fi ɓata sunan sana'ar, domin ƙofar da ta ruɓe cikin damina biyu ba sunan wanda ya yi ta kaɗai take ɓatawa ba, har da na sauran abokan sana'arsa.

4.2.3 Tsarin Koyo da Rashin Takardar Shaida

Wannan shi ne ƙalubale mafi girma. A al'ada uba ko wa kan kai yaro wurin maigida ya ce ga amana. Yaro zai fara da share shago da jan waya da goge tsatsa da shafa fenti, daga nan ya koyi awo da yanka, sannan a bar shi ya riƙa ɗiga walda don riƙe aiki kafin maigida ya bi ya cike. Bayan waɗansu shekaru sai a yaye shi. Wannan tsari ya ciyar da dubban gidaje ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba, kuma yana koyar da ladabi da juriya da iya ciniki.

Sai dai yaro ba ya wuce abin da maigidansa ya sani. Yawancin shaguna sanda iri ɗaya suke amfani da ita, wato mai lamba 6013, kuma abin da ake tambaya a kasuwa shi ne kaurinta, lamba 10 ko lamba 12. Kaɗan ne suka san cewa lambobi biyu na farko suna nuna ƙarfin da haɗin zai iya ɗauka, ko kuma cewa ginshiƙin gini da gada suna bukatar irin 7018, wadda dole a adana ta a busasshen wuri domin danshi yana sa haɗinta ya tsage. Haka kuma da yawa ba su iya karanta zanen injiniya ba.

A manyan ayyuka irin na bututun mai da gas, ba a ɗaukar mutum don ya ce ya shekara 20 yana walda. Akan kafa masa bututu a karkace a kan kusurwar digiri 45, ba a juya shi, ya zagaye shi da walda ta sama da gefe da ƙasa. Daga nan a ɗauki hoton haɗin da na'urar da ke ganin cikin ƙarfe, a kuma yanka a lanƙwasa. Wanda aka samu rami ko tsaga a aikinsa ya faɗi. Ba ƙarancin basira ke kayar da mai waldar bakin titi a wannan jarrabawa ba, abin dai shi ne bai taɓa samun wanda ya nuna masa ba, kuma ba shi da ƙarfen da zai yi ta ɓatawa wajen gwaji.

Hukumomin da aka kafa don cike wannan giɓi suna nan: Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu na 1971, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta 1977 mai hedikwata a Kaduna, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta 1986, da hukumar jarrabawar NABTEB ta 1992, ga kuma jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai 3. Amma yaron da bai gama firamare ba, wanda ba ya jin Turanci, da wuya ya san hanyar shiga. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi nufin koyar da sana'a tun daga ƙaramar sakandare, sai dai injinan da aka shigo da su da yawa sun lalace cikin akwatunansu saboda rashin wuta da malamai.

4.2.4 Lafiyar Mai Walda

Hasken walda yana ƙona fatar ido. Ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan sa'o'i, galibi da dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Duk da haka da yawa tabarau na kasuwa suke sawa maimakon garkuwar fuska mai baƙin gilashi, yara masu riƙe aiki kuwa kau da kai kawai suke yi. Hayaƙin ma ba ƙaramar illa ba ce. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji na huhu. Hayaƙin ƙarfe mai rufin tutiya, irin na bututun ruwa, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, wanda sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Bayan waɗannan akwai jan wuta daga wayoyi marasa rufi, musamman da damina, da fashewar tukunyar kabaid, da kuma mafi muni, wato yin walda a jikin tankin mai da ba a wanke ba. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi haɗari, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ke fashewa. Da yake babu inshora babu fansho, mai waldar da idonsa ya raunana yana da shekara 50 ya rasa jarinsa ke nan, iyalinsa kuma su shiga wani hali.

4.2.5 Gogayya da Kayan Waje

Abubuwa da dama da a da sai mai walda, yanzu sun samu kishiya. Tankin roba ya kori tankin ƙarfe a gidaje, kujerar roba ta mamaye wuraren taro, tagar alminiyam ta karɓe sababbin gine-gine, ƙofofin Sin da na Turkiyya kuma sun cika kasuwa. Mai saye kan zaɓe su saboda santsi da daidaiton awo, ko da kuwa waɗansunsu ba su kai ƙirar gida ƙwari ba. Wannan ya nuna cewa kyan gamawa da tsayuwa a kan awo sun zama wajibi ga mai son ya riƙe masu sayensa.

4.3 Makomar Sana'ar

4.3.1 Sababbin Injina

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. Tsohon injin walda da ake naɗawa a gida da wayar tagulla ko alminiyam, wanda sai mutum biyu ko uku sun ɗauka, yana ba da wuri ga ƙaramin inji na zamani wanda ake ratayawa a kafaɗa. Wannan inji ba ya shan wuta da yawa, ƙaramin janareta yana iya ɗaukarsa, kuma tartsatsinsa ya fi tsayawa daidai. Illarsa ita ce ƙura da zafi suna lalata kayan cikinsa, gyaransa kuma sai masanin lantarki. Haka nan waldar da ake yi da iskar agon, wadda aka fito da ita a Amurka a 1941, da mai waya mai zuba kanta ta 1948, sun fara samun gindin zama a birane saboda aikin alminiyam da farin ƙarfe marar tsatsa, irin na matakala da kayan gidajen abinci da na asibiti.

Akan yi fargabar cewa mutum-mutumi zai raba masu walda da aikinsu. Gaskiya ne tun 1969 kamfanin General Motors na Amurka ya sa mutum-mutumi waldar jikin mota, kuma a yau manyan kamfanonin motoci na duniya a kansa suka dogara. Amma amfaninsa yana wurin maimaita haɗi iri ɗaya sau dubbai a wuri ɗaya. Aikin ƙasar Hausa kuwa kowace ƙofa da awonta, kowace garma da irin karayarta, kuma sau da yawa a kan gini ko a gona ake yin sa. Saboda haka wanda zai karɓe wa mai waldar bakin titi aiki nan kusa shi ne ɗan'uwansa mutum wanda ya fi shi horo.

4.3.2 Inda Aiki Yake

Akwai fagage uku da ake hangen za su ci gaba da bukatar masu walda. Na farko shi ne noma. Garmar shanu da amalanke da injin niƙa da na sussukar masara da na casar shinkafa da tukwanen turara shinkafa irin waɗanda ake amfani da su a yankin Kura, duk masu walda na gida ke ƙera su. Tsadar Dala, wadda ta cuce su ta wajen sayen ƙarfe, ta taimake su ta nan, domin injin waje ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma na gida idan ya lalace wanda ya ƙera shi yana kusa. Na biyu shi ne gine-gine da sufuri: rufin ƙarfe na manyan ɗakunan ajiya, da turakun tankin ruwa da na faifan sola, da bodin manyan motoci, da gyaran A Daidaita Sahu da kurar ruwa.

Na uku shi ne manyan ayyuka. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. A Jamhuriyar Nijar an shimfiɗa bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, wanda ya fara aiki a 2024. Bututu irin waɗannan guntu-guntu ake kawo su, kowane haɗi kuma sai an yi masa walda an gwada, sannan bayan an gama akwai kula da gyara na shekaru masu yawa. Dokar 2010 ta fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da gas na Nijeriya, amma doka ba ta hana jarrabawa, wanda ya ci shi ake ɗauka.

4.3.3 Hanyoyin Gyara

Abu na farko shi ne a tantance ƙwarewar waɗanda suka riga suka iya, a ba su takarda a kan abin da hannunsu ya nuna. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha tana da tsari irin wannan, kuma haɗin gwiwar da aka yi tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'a na kasuwar Panteka ya nuna abu ne mai yiwuwa. Abu na biyu, a riƙa koyarwa da Hausa, a kuma rubuta ƙananan littattafai a kan awo da karanta zane da kare lafiya, wanda nan ne sassan nazarin Hausa na jami'o'i ke da rawar takawa wajen daidaita kalmomin sana'ar. Abu na uku, ƙungiyoyin masu walda su haɗa ƙarfi su mallaki injinan lanƙwasa faifai da na yanka waɗanda mutum ɗaya ba zai iya saya ba, tun da ƙarfe ɗaya ba ya amo. Abu na huɗu, gwamnatocin jihohi su keɓe musu matsuguni mai tsayayyar wuta, su kuma riƙa ba su aikin kujerun makarantu da gadajen asibiti bisa sharaɗin inganci. Na ƙarshe, iyayen gida su ɗauki garkuwar fuska da safar hannu ga yaransu a matsayin wani ɓangare na amanar da aka ba su.

4.4 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda walda ta shigo ƙasar Hausa ta zauna kusa da ƙira, an kuma tattauna matsalolin wuta da tsadar ƙarfe da tsarin koyo da lafiya da gogayyar kayan waje. An nuna cewa wuta da farashin ƙarfe sun fi ƙarfin mai walda shi kaɗai, amma horo da tantancewa abubuwa ne da za a iya somawa da abin da ke hannu. Idan aka yi haka, yaron da ke goge tsatsa a shago a yau yana iya zama wanda za a damƙa wa bututu da gada. Idan kuwa aka bar abin yadda yake, shaguna za su ci gaba da yawaita suna rububin ƙananan ayyuka, riba tana raguwa. Babi na gaba zai kawo taƙaitawa da shawarwari na wannan bincike baki ɗaya.